Zaman D&D na shagon wasanni: ya cancanta, amma DM shi ne komai

Jama'a tunda dai ana ta tambayata ko zaman D&D ɗin nan da shagunan wasanni ke shiryawa duk mako ya kai mutum ya ba da yammacinsa guda, to amsata ita ce eh ya kai, musamman in kai sabon shiga ne kuma ba ka da abokan da za ku haɗa naku teburin a gida. Amma fa daɗin zaman ko rashin daɗinsa duk yana hannun mutum ɗaya, wato wanda ke zaune a bayan kwali yana jan ragamar labarin, shi ake kira DM. Na daɗe ina zuwa, na zauna da masu iyawa na zauna da waɗanda ba su iya ba, kuma wallahi in ka ga bambancin sai ka rantse ba wasa ɗaya ake yi ba.

Ga wanda bai san abun ba, Dungeons & Dragons wasa ne na baki da takarda da dayis, babu allon kwamfuta babu komai. Kamar tatsuniya ce, sai dai masu sauraron su ne mutanen cikin labarin. Kowa zai ƙirƙiri jaruminsa, wani mayaƙi, wani mai sihiri, wani ɓarawo mai saurin hannu, wani mai warkarwa, sai DM ya siffanta muku inda kuke da abun da ke gabanku ya ce to me za ku yi. In abun da ka ce za ka yi yana iya yiwuwa yana iya ƙi, sai a ce ka jefa dayis mai fuska 20, a haɗa lambar da ta fito da ƙwarewar jaruminka, in ta kai lambar da DM ya tsayar ka ci, in ba ta kai ba labari ya karkata wani wajen. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974 ƙarƙashin kamfanin TSR, daga baya Wizards of the Coast suka saye shi a 1997. Bugu na biyar da kusan kowa ke amfani da shi yanzu a 2014 ya fito, kuma a shekarar ne suka kafa tsarin zaman wasa na shaguna da taruka mai ƙa'idoji bai ɗaya da ake kira Adventurers League, wanda shi ne ainihin abun da ake yi a shagon da nake zuwa.

Babban abun da ya sa nake yabon tsarin shi ne ba ya buƙatar ka san kowa. Duk wanda ya taɓa gwada haɗa mutum biyar su yarda da rana ɗaya da lokaci ɗaya duk mako ya san wahalar, yau wannan yana aiki, gobe wancan ya yi tafiya, jibi DM ɗin ma da kansa ya gaji, kafin ka ankara wasan ya mutu ba a kai ko rabin labari ba. A shago kuwa ranar tana nan ba ta motsi, ka rubuta sunanka ka zo, in ba ka zo ba wani zai zauna a kujerar kuma babu wanda zai yi fushi da kai. Jarumin da ka ƙirƙira naka ne, kana da takarda da kake rubuta wane labari ka shiga, wane DM ya ja shi, me ka samu na zinari da kayan sihiri, to da wannan takardar za ka iya ɗaukar jarumin ka kai shi wani shagon ko wani babban taron 'yan wasa a wata ƙasar ma ya zauna a teburi ba tare da gardama ba. Wannan dabara ce mai kyau ƙwarai.

Kuma sun yi ƙoƙarin daidaita mutane. An raba jarumai rukuni huɗu gwargwadon lebul, wato matakin ƙarfin da jarumi ya kai, lebul 1 zuwa 4, sai 5 zuwa 10, sai 11 zuwa 16, sai 17 zuwa 20, ba a haɗa ɗan rukunin farko da na uku a teburi ɗaya, saboda haka ba za ka zo da sabon mayaƙinka mai rai goma sha biyu, wato makin lafiyar da ke raguwa in an sare shi, ka zauna kusa da wanda zai share filin daga da kalma ɗaya kai kana kallo ba. Haka wajen ƙirƙirar jarumi ba a yarda ka jefa dayis ka samo ƙarfinsa ba, ko dai ka raba maki 27 yadda kake so ko ka ɗauki jerin nan na 15, 14, 13, 12, 10, 8 ka rarraba a siffofi shida, ƙarfi, zafin nama, juriya, ilimi, hikima da kwarjini. Da farko wasu na ganin ƙa'idar ta yi tsauri, ni kam ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari, don ita ke hana wani ya shigo da takarda duk 18 ya ce wai a gida ya jefa haka ta fito.

Ranar da na fara zuwa ko dayis ɗina ban da shi. An ba ni aron saiti, mai fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, aka miƙo min takardar jarumin da aka riga aka cike, wata 'yar wasa da ta daɗe a harkar ta matso da kujerarta kusa da ni tana nuna min da bayan fensir inda zan duba duk lokacin da aka kira ni. Babu wanda ya ce sai na sayi littafi tukun. Ƙa'idojin farko ma kamfanin ya sa su kyauta a intanet, duk da dai in abun ya shige ka za ka ƙare da sayen Player's Handbook, littafin ƙa'idojin 'yan wasa, ko ba daɗe ko ba jima. A nan shagon ya ci yabo, sabon shiga ba ya jin shi bare ne.

To bari in zo kan DM, don nan ne maganar take.

Akwai wani bawan Allah da yake jan teburin 'yan rukunin farko, dattijo ne mai sanyin murya, ba ya wani kwaikwayon muryoyi na ban mamaki irin na masu yi a YouTube, amma yana da wani abu da ban san yadda zan kira shi ba sai dai in ce yana sauraro. Wani zama muka shiga wani tsohon rumbun ajiya a bakin teku muna neman kayan da aka sace, muka tarar da wani ɗan goblin shi kaɗai yana gadi, ƙaramin dodo ne mai rai bakwai kacal, sara ɗaya ya ishe shi. Duk mun ɗauki dayis za mu afka mai, sai wani yaro da ranar ce zuwansa na farko, tun da aka fara bai ce uffan ba, ya ɗaga hannu a hankali ya ce shi zai iya tambayar goblin ɗin ko ana biyan shi kuwa? Wasu suka yi dariya. DM ɗin bai yi ba. Ya ajiye takardar da ke hannunsa ya juyo gaba ɗaya ya fuskanci yaron ya ce, tambaye shi mana, yaya za ka ce mai? Yaron ya yi 'yar maganarsa yana in-ina, aka ce ya jefa na lallashi, kuma saboda tambayar ta yi ma'ana DM ya ba shi damar jefa dayis biyu ya ɗauki babba, 6 ta fito da 17. Shi ke nan goblin ya ɓarke da ƙorafi, wai wata uku ba a ba shi ko sisi ba, shugabansu azzalumi ne, ga ƙofar baya can in za ku shiga ku shiga ni ban gan ku ba. Na tabbata babu wannan a rubuce a takardar labarin, don na ga DM yana saurin zana wata ƙofa da alƙalami a kan taswira wadda da babu ita. Yaron nan daga wannan lokacin har aka tashi bakinsa bai rufe ba, kuma har yanzu yana zuwa.

Wannan shi ne aikin, ka gane wa ya yi shiru ka jawo shi, ka gane wa ya cika surutu ka rage mai ba tare da ka kunyata shi ba, ka san lokacin da za ka bi takarda da lokacin da za ka ajiye ta. Dattijon nan in ya ga mutum ɗaya ya kankane magana sai kawai ya ce to kai kana can kana bincike, ke kuma fa a daidai wannan lokacin me kike yi? Cikin ruwan sanyi, babu faɗa.

A teburinsa ne kuma na fara jin abun da ake nufi da tsoron dayis. A wasan in ran jaruminka ya kai sifili ba nan take yake mutuwa ba, yana faɗuwa ne a sume, duk zagaye ka jefa mai fuska 20, 10 ko sama nasara, ƙasa da haka faɗuwa, nasara uku ka tsira, faɗuwa uku ka tafi. In 1 ta fito ana lissafa ta faɗuwa biyu, in 20 ta fito ka farfaɗo da rai ɗaya. Mayaƙina ya faɗi a bakin wata gada, jifan farko 1 ta fito, wato saura kuskure ɗaya jarumin da na daɗe ina renonsa ya tafi. Mai warkarwarmu tana can nesa wasu dodanni biyu sun tare ta, kuma ni zan riga ta jifa. Teburin ya yi tsit, har wani da ke duba kaya a kanta ya dawo ya tsaya a bayanmu. Dayis ɗin ya gangara ya bugi kwalin DM ya tsaya a 11. Ihun da aka yi sai da mai shago ya leƙo. Roba ce fa 'yar ƙarama da lamba a jiki, amma hannuna rawa yake, kuma mutanen da ko cikakken sunansu ban sani ba suna ta dukan kafaɗata. Duk wasan kwamfutar da na yi babu wanda ya taɓa ba ni wannan.

Sai kuma ɗaya ɓangaren. Akwai makon da aka tura ni wani teburin saboda na dattijon ya cika, kuma gaskiya da a ce da wannan na fara da ban sake dawowa ba. Mutumin bai karanta labarin ba kafin ya zo, a gabanmu yake karantawa, kansa a sunkuye murya ɗaya babu hawa babu sauka, in ka tambayi abun da ba ya cikin takardar sai ya ce babu komai a wurin, ka ce za ka yi magana da mai gadi ya ce ba ya son magana, ka ce za ka hau katanga ya ce ba ta hawuwa, a ƙarshe duk muka gane hanya ɗaya ce tak kuma faɗa ne a ƙarshenta, sai muka daina tunani muka koma jiran layi kawai. Ba na son in yi mai rashin adalci, yawancin DM ɗin nan 'yan sa kai ne, son wasan ne ya kawo su, kuma aikin yana da nauyi. Amma shagon ne ya kamata ya duba wannan, a haɗa sabon DM da tsoho na ɗan lokaci, a tabbatar an ba shi labarin da wuri ya karanta. A yanzu dai sa'a ce, inda aka tura ka nan ka zauna.

Yawan mutane ma matsala ce babba. Ƙa'ida ta ce teburi daga mutum 3 zuwa 7 ban da DM, kuma shago kullum bakwai ɗin yake cikawa don ba ya son ya kori kowa, na fahimci dalilin amma bakwai sun yi yawa wallahi. A cikin labari zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne kacal, a zahiri kuwa da mutum bakwai da dodanni shida kana iya zama kusan rabin awa kafin layi ya dawo kanka, in kuma ka jefa ka kuskure shi ke nan ka koma jira, ga mai sihiri sai layi ya zo kansa sannan zai buɗe littafi ya fara neman abun da zai yi, ga wani ya shige waya sai an kira sunansa sau biyu ya ɗago ya ce ina muke. Huɗu ko biyar shi ne daidai. Duk zaman da na fi jin daɗinsa a irin wannan adadin aka yi shi.

Ga hayaniya. Ranarmu ta haɗu da ta masu kati, 'yan Magic: The Gathering, kuma su ma da nasu ihun, ɗakin kuma ɗaya ne, to in ka zauna a ƙarshen teburi rabin abun da DM ke faɗa ba ka ji. Ka zo da wuri ka kama kujerar kusa da shi.

Akwai kuma ruɗanin da sabbin littattafan 2024 suka kawo, wanda ya ɗauki lokaci kafin ya lafa. Bugun dai na biyar ne har yanzu amma an gyara abubuwa da yawa, misali shan maganin ƙara rai a da yana cinye maka babban aikinka na zagayen, a sabon tsari ƙaramin aiki ne kana iya sha kuma ka kai sara, haka yadda ake lissafin kai farmakin bazata ya canza, mayaƙa kuma an ƙara musu dabarun makamai. To sai ka ga mutum biyu kowa da littafinsa a buɗe, kowa yana da gaskiya a nasa shafin, ana ta ja-in-ja lokaci na tafiya. Kuma kusan kowane teburi akwai mutum ɗaya da ya haddace ƙa'idoji yake jin dole sai ya gyara wa kowa. DM mai iyawa cewa yake yanzu ga hukuncina, in an tashi ma duba littafi, a ci gaba. Wanda bai iya ba sai ya biye mai.

Abun da ya fi damuna dai, kuma shi ba laifin kowa ba ne haka tsarin yake, shi ne labarin ba ya tuna ka. Kowane zama labari ne mai zaman kansa na awa biyu zuwa huɗu, a fara a gama a ranar, don fuskokin mako mai zuwa ba lallai su zama na yau ba. Yawancinsu a duniyar Forgotten Realms ake yin su, wadda Ed Greenwood ya ƙirƙira, duniya ce mai faɗi da garuruwa irin su Waterdeep da Baldur's Gate da tarihi mai yawa, amma kai ɗan leƙe kawai kake yi ka wuce. Goblin ɗin nan da yaron ya shawo kansa, a teburin gida da ya zama abokin tafiyarmu, da an sa mai suna, da wata rana ya dawo ya cece mu ko ya ci amanarmu. A nan kuwa da aka naɗe taswira ya ɓace har abada. Na rubuta wa mayaƙina tarihi, ƙanwarsa da ta ɓata da bashin da ake bin mahaifinsa, babu DM ɗin da ya taɓa samun sararin taɓa ko ɗaya. Kuma agogo na bin ku, shago yana da lokacin rufewa, sau da yawa faɗan ƙarshe wanda ya kamata ya fi kowanne armashi shi ake yi a gurguje, ana jifa ana tattara kaya. Lebul ma ana hawa da sauri, ba ka gama sanin abun da jaruminka ya iya ba an ƙara maka wasu.

Wasu sun tambaye ni ko ba caca ba ce tunda akwai dayis. Ba a sa kuɗi a kan jifa, babu mai ci babu wanda ake cinyewa, duk 'yan teburin gefe ɗaya suke, a shagonmu ma an hana jarumi ya kai wa ɗan uwansa hari ko ya yi mai sata. Maganar sihiri da dodanni kuma ƙage ne na labari, lambobi ne a takarda, ƙwallon wutar da mai sihiri ke samu a lebul 5 ba komai ba ne illa dayis takwas masu fuska 6 da za ka watsa ka tara. A Amurka ma an yi ta cece-kuce a kan wannan a shekarun 1980. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba ina ganin girmansa, yana iya ɗaukar mayaƙi ko ɓarawo ya bar sihirin, ko ya je ya zauna ya kalli zama ɗaya tukun, ba a hana kallo.

In za ka je, ka rubuta suna da wuri don kujeru na ƙarewa, ka riƙe fensir da abun gogewa, biro ba ya yi don lambobin takardarka canzawa suke kullum. Ka fara da mayaƙi, shi ya fi sauƙi, mai sihiri a lebul 1 ransa bai taka kara ya karya ba kuma karatunsa da yawa. Ka shirya abun da za ka yi tun kafin layi ya zo kanka. In kana da hali ka sayi dayis ɗinka ko littafinka a shagon, don wurin zama da fitila da teburan nan ba daga sama suke faɗowa ba, in shagon ya rufe zaman ma ya tafi. Sannan kar ka ji kunyar tambayar tsofaffin 'yan wasa wane DM ne ya fi haƙuri da sababbi, za su gaya maka, kuma in zamanka na farko bai yi daɗi ba ka gwada wani teburin kafin ka yanke hukunci.

Yanzu mu huɗu da muka saba haɗuwa a teburin dattijon mun fara maganar kafa namu dogon labarin a wata ranar daban, mai ci gaba mako bayan mako, kuma ya ce zai ja mana in mai shago ya ba mu teburin kusurwa. Ranar shagon dai ba zan bar ta ba. Akwai kuma 'yan Pathfinder, wasan kamfanin Paizo, da su ma suke da nasu tsarin mai suna Pathfinder Society a can ɗaya gefen ɗakin, suna ta zuga ni wai a nasu kowane zagaye aiki uku kake da shi ka kashe yadda ka ga dama, na ce musu su ajiye min kujera wata mai zuwa.